Ban Taɓa Kiran Sunan Ɗana Ba

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba. A lokacin da abin nan ya fara ina da shekara ashirin, haifaffiyar Kucheri ce ni, aure ya kai ni Nahuce, kuma babu abin da nake taƙama da shi a duniya kamar kunya. Na yi boko har aji uku na sakandare, amma ba da shi aka san ni ba, an san ni ne da sunkuyar da kai. Mijina direba ne a tashar Gusau, sai Alhamis da yamma yake dawowa gida, Asabar ya koma. Ni da mahaifiyarsa muke zaune, Inna, mace mai kirki wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

Da Allah ya ba ni ɗan fari, namiji, sai na samu filin nuna halina. Kowa ya san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Wasu matan suna yi ne don idon jama'a, in sun shige ɗaki su rungume abinsu su yi ta hira. Ni kuwa na wuce gona da iri. Ko mu biyu ne a ɗaki, nono nake ba shi fuskata na kallon bango. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan. A gidan biki mata suna nuna ni suna cewa ga 'yar mutunci, ko kallon ɗanta ba ta yi, ni kuma kaina yana ƙara girma. Ina son yaron kamar raina, amma na fi son a yabe ni, yau dai na faɗa.

Yaro ne mai surutu tun yana rarrafe. Yana goye a bayan Inna tana sussuka, shi kuma yana ta gwarancinsa, ba-ba, na-na, in zakara ya yi cara ya waiga ya neme shi. Akwai ranar da ya kama zanena ya miƙe tsaye, ya dube ni ya ce na-na. Na zare hannunsa na kau da kai, don akwai baƙi a tsakar gida. Bayan ya shekara ɗaya da 'yan watanni ƙyanda ta kama shi, zazzaɓi mai zafi, kunnuwansa biyu suka yi ta fitar da ruwa. Muka yi na gida, ya tashi, muka gode wa Allah. Daga nan gwarancin ya riƙa raguwa har ya ɗauke. Aka yaye shi ya koma ɗakin Inna, wadda ta san yunwarsa da ƙishinsa tun kafin ya nuna, don haka babu abin da ya taɓa buƙatar roƙo.

Laifina na gaskiya yana nan. Wata rana da hantsi, yana kusan shekara biyu, babban kwanon sha ya suɓuce mini ya faɗi a kan dutsen niƙa, dab da bayansa. Kaji suka watse, akuya ta fizge igiya, ni kaina na zabura. Yaron nan bai ko ƙifta ido ba, ya ci gaba da wasa da ƙasa. Na ji a jikina akwai abin da ba daidai ba. Na buɗe baki zan gaya wa Inna, sai na tuna cewa in na faɗa, an gane ke nan ina lura da shi, gobe a ce ashe kunyar tata ta baki ce. Na ɗauki kwanona na wanke, na yi shiru. Shirun nan na yi shi shekara uku.

Da ya kai shekara uku babu magana, maƙwabta suka fara tsegumi. Inna takan ce, "Ku ƙyale min miji, ubanai ma sai da ya shekara huɗu kana ya buɗe baki." Duk da haka aka kira wanzami ya duba, ya ce linzami ne ya riƙe harshen, ya yanka. Yaron ya yi kwana biyu ba ya iya cin tuwo, ina jin kukansa daga ɗakina ban leƙa ba. Aka karɓo rubutu ya sha. In an kira shi bai waiga ba sai a ce kunnen ƙashi gare shi, miskili ne, har dukansa an yi a kan haka, kuma da hannuna a ciki. Ana nan na haifi ƙanwarsa. Ita babu kunya tsakaninmu, ina yi mata waƙa, ina gaya mata sunan duk abin da na taɓa, ga ludayi, ga tsintsiya, ga wuta kar ki taɓa. Kafin ta cika shekara biyu tana aikena da baki, yayanta mai shekara biyar yana nuni da yatsa.

Mahaifinsa ne ya gano, shi da yake ganinsa kwana biyu a mako. Wata Alhamis ya shigo layinmu da mota, yaron yana tsugune a tsakiyar hanya ya ba shi baya. Ya danna hon har mutane suka fito daga gidaje, yaro bai motsa ba sai da inuwar motar ta rufe shi. Ya shigo gida da shi a kafaɗa, ya ce gobe za mu Gusau, kuma da ni za a je.

A asibiti likitan kunne ya yi gwaje-gwajensa, sannan ya juyo gare ni, ya ce uwa ita ta fi kowa sanin ɗanta. Ya tambaye ni, "In kika kira sunansa ta bayansa, yana juyowa?" Na rasa inda zan sa kaina. Na ce masa ban taɓa kiran sunansa ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya ajiye biro ya ce harshen yaron lafiya lau yake, an yanka shi a banza. Ƙyandar ce ta lalata jinsa, kunne ɗaya ya tafi, ɗayan da saura kaɗan. Ya ce magana ba a baki take farawa ba, a ƙwaƙwalwa take, kuma ƙwaƙwalwar yaro tana gina ta ne da abin da kunne yake kai mata a shekarun farko, tun kafin ya furta kalma ɗaya. Wurin da aka tanada don ji, in ya daɗe ba a aiko masa da komai ba, sai gani ya mamaye shi, kamar gonar da aka bari maƙwabci ya shigo da garmarsa. Da mun zo tun yana shekara biyu, in ji shi, da na'urar ji da yawan hira za su iya kai shi ga magana, ko kuma a fara masa maganar hannu da wuri, don ita ma harshe ce cikakkiya. Yanzu za a yi abin da za a iya, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa lura da wani abu a baya. Nan na ba da labarin kwanon, a gaban mijina. Muka dawo Nahuce, kuma har yau bai taɓa goranta mini ba.

Inna ta ɗora wa kanta laifin, ta yi ta kuka tana cewa ita ta kira wanzami. Na durƙusa na gaya mata gaskiya, ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, mi ya hana ki hwaɗi? Ni da nac ce ki yi kunya, ban ce ki yi shiru ba."

Yanzu yana da shekara tara. Mun dawo Gusau saboda makarantar kurame da yake zuwa. Yana sa na'ura a kunne ɗaya, yana jin ƙarar mota da ta ƙofa, kalmomin bakinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ko a maganar hannu yaran da aka fara wa da wuri sun yi masa nisa. Ni ma ina koyo. Malamarsu ce ta ce in ɗora tafinsa a maƙogwarona in faɗi sunansa, don ya ji motsinsa. Ranar na fara furta sunan ɗana, yana da shekara shida, a gaban mutane, ina kuka. Ya yi dariya saboda abin ya yi masa cakulkuli a hannu.

Ban ce a yar da al'ada ba, kunya ado ce. Amma 'yan'uwana mata, jariri ba ya sanin kunya, murya ya sani. Ku yi wa 'ya'yanku hira tun suna cikin zane, na fari da na ƙarshe. In yaro ya yi ƙyanda ko zazzaɓi mai zafi, ko kunnensa ya yi ruwa, ku tsaya a bayansa ku kira shi. In gwarancinsa ya ɗauke, kar ku jira shekarun da ubansa ya yi, ku kai shi a duba kunnen. In kun ga abu ku faɗa, ko za a yi muku dariya. Matan da suka yabe ni a gidan biki babu wadda ta san halin da muke ciki yau. Ni kuwa kullum sai na kira sunansa a tsakar gida da ƙarfi, sau goma, sau ashirin, maƙwabta duk sun haddace shi. Shi kaɗai ne ba ya waigowa.