Sifirin Da Na Samu Don Na Sunkuyar Da Kai

An kayar da ni a darasin tarbiyya, wato ilimin koyarwa, ne saboda ban yi wa malami surutu ba. Ban faɗi jarrabawa ba, ban yi fashin aji ba. Shiru na yi a gabansa kamar yadda aka koya mini tun ina ƙarami, shi kuma ya ba ni sifiri a kan shirun, sifirin ya cinye mini gurbin karatu.

A wata kwaleji ce a Madina, farkon shekarun tamanin. Na shige ta da girmana, karatuna rabi na zaure, rabi na firamaren da ban ƙarasa ba. Iƙamata, wato takardar zama a ƙasar, a jikin karatun take rataye. Wanda aka kayar a darasin dole a shekarar gwaji, wadda nake ciki, sallamarsa ake yi.

Malamin Bahaushe ne haifaffen unguwar Al-Sih ta nan Madina. Ya je Amurka ya dawo da digirin dakta da wata baƙar jaka da ko alwala zai yi sai ya jingine ta a ƙafarsa. Yana jin Hausa sarai, amma ka gaishe shi da ita ya amsa maka da Larabci. Darasinsa a kan karatun 'ya'yan baƙi ne, kuma duk misalansa na 'yan asalin Meziko ne mazauna Amurka, waɗanda yake kira Cikano. Ga yaran Hausawa nan a lungunan unguwar Jurf suna fama da makaranta, amma shi sai ya ƙetare teku yake samun abin tausayi.

Ranar farko ya raba mana makin: kashi na jarrabawa, kashi na bahasin da kowa zai rubuta, sannan kashi mafi tsoka na musharaka, wato sa baki a aji. Na ji, na kuma fahimta. Amma a wurinmu ɗalibi ba ya tsinka wa malami zance, ba ya zura masa ido. Ya zauna kusa, ya sunkuyar da kai, in an tambaye shi ya amsa. Na zauna a layin gaba ina jiran tambaya. Bai taɓa yi mini ita ba.

Samarin ajin kuwa sun gano lagonsa da wuri. Sai ka ga ɗaya ya ɗaga hannu ya ce: “Dakta, ina da ƙarin bayani.” Ya maimaita abin da Dakta ya gama faɗa yanzun nan, ya ƙara masa wallahi biyu. Dakta ya gyaɗa kai, ya ce mumtaz, wato ya yi kyau ƙwarai. Akwai wanda ko littafin bai saya ba, da bakinsa kawai ya haye.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne wani darasi da ya yi mana. Ya ce yaron Cikano in malami na masa magana ƙasa yake kallo don ladabi, sai malamin Bature ya ɗauka daƙiƙi ne, ya rage masa maki. Har da buga tebur, wai wannan zalunci ne, dole malami ya san al'adar ɗalibinsa. Ni ina zaune daf da teburin, kaina a ƙasa, ina cewa a raina Allah ya kawo mana wanda ya san mu.

Sakamako ya fito. Bahasi na ci, jarrabawa na ci, musharaka sifiri. Na je ofishinsa aka ce ya tafi hutu. Kafin ya dawo an sallame ni. Wani tela mutumin Chadi ne ya nema mini kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo ya samu iƙama, na koma shagonsa a Jurf ina kafa maɓalli a riguna. Nan karatuna ya tsaya.

Bayan shekaru muka haɗu da Dakta a walimar suna a unguwar Bani Harisa, faranti ɗaya aka zaunar da mu. Ya yi ƙiba, jakar tana nan. Mai gida ya ce masa, “Dakta, ai wannan ya taɓa zama ɗalibinka.”

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce da Larabci, “Na tuna shi, mai shirun nan. Ya shaihu, har yanzu ba ka magana?”

Na tsame hannuna daga shinkafar, na dube shi cikin ido, na amsa masa da Hausa don kowa ya ji.

“Ina yi, Dakta. Ga musharakata yau, sai ka ba ni makin. Ka buga tebur saboda yaron Meziko da ba ka ƙara gani ba, ni kuma ina gabanka da kai a ƙasa ka yi mini abin da Baturen ya yi masa. Shi Bature bai sani ba ne. Kai a zauren babanka haka ka ga ana zama. Ladabin da na yi maka kuwa na malami ne, na ɗauka kai ne shi.”