Gajartar da ta Kafa Taurarin Gurda

Duk wanda ya ce maka wani attajiri ne ya kafa kulob ɗin Taurarin Gurda, ƙarya yake yi. Gajartar Chamsoudine ce ta kafa shi, a gabana aka yi.

Chamsoudine mutumin Tawa ne. Ya sauka Sabha ta ƙasar Libiya da 'yar jakarsa, niyyarsa ya ɗan taɓa leburanci ya wuce Turabulus, daga nan sai teku. Mu kuwa lokacin muna buga balo, ƙwallo ke nan, ran Juma'a a wani fili bayan gidan bulo a unguwar Gurda. Ragarmu duwatsu biyu ce, ba sandar sama. Ƙa'idar ita ce inda hannun mai tsaron gida ya tsaya, nan raga ta ƙare. To shi ko ya yi ɗage, da ƙyar yake taɓa haɓata. Muka sa shi gida. Duk wadda aka bugo mu ce ta yi sama, alƙalin wasa ya dube shi ya yarda. Abokan karawarmu 'yan Zighan sun yi rantsuwa har sun gaji, kakar wasa uku ba wanda ya ci mu.

Da yake 'yan wasanmu duk matafiya ne, muka kafa doka: ba mai barin Sabha sai ya kawo madadinsa. Kowa ya kawo ya wuce, ban da shi. Duk motar da ta iso daga Agadas yana can yana gwada kafaɗa da baƙi. Ya kawo mutum, mu ce haba, wannan ai dogo ne. Jakar tana ɗaure, kullum a gindin dutsen raga. Har ya auri Hassia mai tuwo, har furfura ta fito, zancensa ɗaya: bana zan wuce.

Shekarar da kulob ya shiga gasar ƙwararru aka kafa raga ta ƙarfe. Wasan farko aka yi ta zuba mana har alƙali ya ji kunya. Sabon koci ya miƙa masa jakarsa ya ce, "Baba, an sallame ka. Allah ya kiyaye hanya."

Ya daɗe yana kallon jakar, ya ce, "Yanzu ina za ni?" Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Har gobe ran wasa yana bayan raga a tsaye. In an ci mu, sai ya ɗaga hannu ya ce a hankali, "Ta yi sama."