Takardar da Anti Rakiya ba ta sa wa hannu ba

Ban taɓa mantawa da wata Talata a watan Yuli ba. Ina shiga gidan kula da tsofaffi da ke unguwar University Heights, abin da na fara gani shi ne keken raba abinci na Anti Rakiya a yashe a baranda, shayin da ke kai har ya huce.

Lokacin ina sakandare, ina aikin hutun makaranta: in kai wa tsofaffi abinci, in kwashe kwanuka. Anti Rakiya, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, ita ta samo mini gurbin. Shekararta tara a gidan.

Ƙofar ofis ba ta rufu duka ba. Na hango ta a tsaye, kai a sunkuye, shugabar sashenmu tana tura mata takarda da biro. Wai jiya an neme ta a bakin aiki an rasa. Ni na san inda take: azahar ta yi a ɗakin ajiye zannuwa, cikin rabin awarta ta hutu. A ƙa'idar gidan, wanda ya sa hannu cewa ya bar tsofaffi babu mai kula, korarsa za a yi. Anti kuwa ba ta kallon babba a ido, ba ta yi masa musu. Haƙuri kawai take ta bayarwa. A wurinmu ladabi ne, amma shugabar ta ɗauka ta amsa laifi.

Sai na ji an ja mini hannun riga. Misis Rosa ce, ɗaya daga cikin tsofaffin gidan, mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda ta yi ɗinki a masana'antar tufafi ta Manhattan tun tana budurwa.

"Ita kaɗai ce a ciki?"

Na gyaɗa kai.

"A zamaninmu, in mai gida ya kira mace ɗaya ofis, duk sai mu ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Shirun nan kaɗai ya ishe shi. Da haka muka samu hutun da kuke ci yanzu. Ke kurma ce? Ruga ki kira wakiliyar ƙungiya!"

Wakiliyar ƙungiyar ƙwadago ma'aikaciya ce kamar kowa, abokan aiki ne suka zaɓe ta don ta tsaya wa wanda aka tuhuma. Tamu Mis Polet ce, tana ɗakin wanki. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na sauka bene biyu da gudu.

Mis Polet ta biyo ni, ta shiga ofis tana goge hannu. "Rakiya, ajiye biron nan." Ta nemi a kawo takardar jerin lokutan hutu, ta dubi inda nake. Na ce, "Ƙarfe ɗaya da kwata ne. Ni na riƙe mata keke." Aka duba, ya yi daidai. Shugabar ta ninke takardarta ta jefa a aljihun tebur.

A baranda Anti ta jingina da bango, ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Ke 'yar nan, ashe kina da baki?"

Ranar na gane cewa a wurin aiki ladabi ba ya tsaya wa mutum, sai da wani a gefensa. Kuma iyayenmu da yawa da ke aiki a nan ba su san abin da ke cikin yarjejeniyar ƙungiyar da masu gidan ba, domin da Turanci aka rubuta ta.

Da aka tashi daga aiki na tari Mis Polet a bakin ƙofa.

"Don Allah ki ara mini littafin yarjejeniyar nan. Ina so in karanta wa su Anti da Hausa."