Jiƙaƙƙen Tawul da Busasshen Kitso

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko wa wannan shafi, ban zaci nawa labarin zai shigo ciki ba. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara goma sha huɗu, ni ce 'yar fari a gidanmu. Muna zaune a Montreuil, gefen Paris, iyayena kuwa 'yan Damagaram ne. Babana yana aikin lodi da dare a babbar kasuwar Rungis, sai ya dawo da safe ya yi barci. Mama tana saro atamfa da turare a Barbès, ta bi gidajen mata tana sayarwa. Ni yarinya ce marar magana. A lakwal, wato makarantar boko, kujerar baya nake zama, kuma nakan lura da abin da ba wanda ya damu da shi, kamar ranar da malama ta sauya ɗan kunne ko wadda ta yi kuka kafin ta shigo aji. Idona yana gani, bakina ne ba ya buɗewa.

Wanda ya san gidan Hausa ya san kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Mama ba. In tana son aikena sai ta dubi bango ta ce a gaya wa yarinyar nan shinkafa za ta kama, alhali mu biyu ne kaɗai a ɗakin. Ba ƙiyayya ba ce, na sani. Ta wajen kayana take kula da ni. In safata ta huje zan tarar an ɗinke, in takalmina ya matse zan ga sabo a bakin ƙofa, ba tare da an ce komai ba. Amma ba ta tambayata, ni ma ba na faɗa mata. Haka muka saba.

A lakwal ana kai mu pisin, wato ginannen wurin ninƙaya, domin koyon iyo. Ina da tabon ƙuna a cinya, na ruwan zafi tun ina ƙarama. Ranar farko da na sa kayan iyo wata yarinya ta nuna shi, ta ce da sauran su zo su ga taswirar Afirka, aka yi ta dariya. Daga ranar ban ƙara yarda na tuɓe ba in da yadda zan yi. Yau ciwon ciki, gobe ciwon kunne, jibi na manta hula. In an matsa mini sai in shiga wajen da ruwa bai wuce ƙugu ba, in riƙe gefe har a tashi. Yara sun yi yawa, malamai suna canzawa, ni kuma ba mai jan hankali ba ce. Kafin mu fita nakan tsoma tawul ɗina cikin ɗan ruwan da ake taka ƙafa a ƙofa, ya ɗauki warin jabel, maganin da ake tsabtace ruwan da shi, in matse in sa a jaka. Da na isa gida Mama za ta ciro shi ta wanke ta shanya. Shekaru muna haka, ban iya ko kwanciya a kan ruwa ba.

Mama tana da ƙanwa a Lyon, muna kiranta Tanti. Mama ce ta raine ta bayan rasuwar kakarmu, har ta yi karatu mai zurfi ta sami aikin bincike. Ita ba ta da kunyar kowa, ga barkwanci. Da aikinta ya kai ta wani taro a Meksiko lokacin hutu, sai ta dage za ta tafi da mu. Ta ce da Mama, Yaya, kin ƙare rayuwarki tsakanin jirgin metro da tukunya, wannan karon ko a kafaɗa sai na ɗauke ki. Babana ya ce mu je, shi aiki ba zai bar shi ba. Kafin mu tashi muka kwana biyu a Lyon, a nan Tanti ta saya mini kayan iyo masu rufe jiki har idon sawu. Ta ce akwai wani ruwa a can da za mu shiga ni da ita, mu bar tsohuwa tana gadin jakunkuna. Na karɓa na yi godiya. A nan ya kamata in yi magana, ban yi ba.

Bayan an gama taron muka bi motar masu yawon buɗe ido, irin wadda ake fita da safe a dawo da yamma, da jagora mai jin Faransanci. Aka fara kai mu kufan wani birni na wata tsohuwar al'umma da ake kira Maya. Dala ce ta dutse mai matakala ta kowane gefe, tsaye tsakiyar fili, daji ya kewaye ta. Jagoran ya tsaya a gindinta ya tafa hannu, sai amsa ta dawo daga sama kamar kukan tsuntsu. Mama ta ce a'uzubillahi, Tanti ta yi ta dariya tana cewa ita ma Mama ta tafa ko aljanun su gaishe ta da Hausa. Na lura da yadda tsakiyar matakalar ta lotsa saboda ƙafafun mutanen da ba wanda ya san sunansu yanzu, na ga damo kwance a kan wani sassaƙen dutse bai damu da kowa ba. Mama ta shafa bangon ta ce wa Tanti, ki duba, su ma sun yi zaton za su dawwama. Ranar ta saki jiki yadda ban taɓa gani ba, har ta yarda aka ɗauke ta hoto.

Da rana ta yi zafi aka kai mu ruwan. Senote suke kiransa. Wani ƙaton rami ne cikin dutse, kamar rijiyar da Allah Ya haƙa da kanSa, saiwoyin itatuwa suna reto daga sama har suna taɓa ruwa, ana sauka ta matakalar katako. Ruwan garau yake, kana hango ƙananan baƙaƙen kifaye, an ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan. A bakin matakalar jagoran ya tsaya da rigunan ceto, waɗanda muke kira jile. Ya ce ruwan ya fi yadda ido ke gani zurfi nesa ba kusa ba, duk wanda bai iya iyo sosai ba ya ɗauki ɗaya, ba abin kunya ba ne. Har ya dube ni ya miƙo mini. Hannuna ya fara ɗagawa. Sai Tanti ta ce masa wannan ai a lakwal ɗin Faransa ta koya. Mama kuma, da ta gane abin da ake faɗa, ta ce wa Tanti da Hausa, bar ta, yarinyar nan ai kifi ce, shekara nawa ina shanyar tawul ɗinta.

Wannan ne karo na farko da na ji Mama ta yabe ni, kuma a gabana. Na ji daɗin da ban san yadda zan kwatanta shi ba, na kuma ji tsoro. Na maida hannuna. Na ce a raina zan riƙe igiya in tsaya a gefe kamar yadda na saba, ba wanda zai gane.

Akwai wani tudun dutse a ƙarƙashin ruwan, kusa da matakala, a kansa na tsaya ruwa iya ƙirji, hannuna kan igiya. Tanti ta yi gaba tana kirana, wai in zo in nuna mata abin da Turawa suka koya mini. Na waiga na ga Mama zaune a matakalar ƙarshe da hijabinta da zanenta, jakunkunanmu a cinyarta, ta ɗan kau da kai kamar ba ni take kallo ba, amma ni take kallo. Na matsa gaba kaɗan don ta ga na yi wani abu. Daidai lokacin wani ya yi tsalle daga sama ya faɗo kusa da ni, igiyar ta yi girgiza, ƙafata ta nemi dutse ba ta samu ba.

Ba a ihu in ana nutsewa, wannan na koya. Bakina ya cika da ruwa, na ga hasken bakin ramin yana nisa, kifayen suna wucewa ta gaban fuskata. Na taso sau ɗaya, a nan ne na ji an ƙwala sunana. Muryar na san ta, sunan na san shi, amma ban taɓa jin su tare ba. Kafin in sake nutsewa na ga hijabinta ya baje a kan ruwa. Mama, wadda ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, ta faɗo.

Ni wata mata da ke kusa ta finciko ni ta maida hannuna kan igiya. Mama kuwa zane da hijabi suka sha ruwa suka naɗe ta, suka ja ta ƙasa. Jagoran ne ya yi nutso ya ciro ta, shi da Tanti suka ɗora ta kan katako. Ina ganin leɓenta ya sauya launi, ana danna ƙirjinta, Tanti tana kiran Yaya, Yaya, tana salati. Da ta yi tari ta amayar da ruwa, idonta bai tsaya kan kowa ba sai da ya same ni, sannan ta rufe shi.

Ta kwanta asibiti a can, ruwa ya shiga huhunta ya zama ciwo. Da likitoci suka yarda ta hau jirgi, Lyon muka wuce, domin gidan Tanti akwai na'urar hawa bene, namu na Montreuil kuwa sai an taka matakala mai yawa. Babana ya zo da jirgin ƙasa, ya zauna gefen gadonta. Kowa ya ɗauka ƙafata ce ta riƙe saboda sanyin ruwa. Na bar su a haka kwanaki, ina jin tarin Mama ta bango.

Wata rana da hantsi ina ba Mama kunu, Tanti tana ninke kaya, sai na faɗa. Na faɗi tabon, da dariyar, da yadda nake jiƙa tawul. Tanti ta zauna daɓas. Ta fara da faɗa, ta ce da ni, ke yanzu da kin mutu fa, me zan gaya wa babanki. Mama ta ɗaga mata hannu. Ba ta dube ni ba, kofin kunun take kallo, ta ce ai ita ma ta ga wani abu. Ta ce duk ranar pisin tawul yakan dawo a jiƙe, amma kitson da ta yi mini yana nan a bushe har ƙeya, ko warin jabel babu. Ta sha yin niyyar tambaya, sai nauyin baki ya hana ta, ta ce wa kanta hular roba ce. A bakin ramin nan kuwa ta faɗi abin da ta faɗa ne don tana son in ji ko sau ɗaya cewa tana alfahari da ni. Tanti ta dube mu ta ce, Allah Ya shirye ku, uwa da 'ya kun kusa kashe juna da kunya. Ta faɗa kamar wasa, amma kuka take yi.

Mama ta tashi, alhamdu lillahi, sai dai ba ta koma yadda take ba. Sanyi kaɗan tari ya taso, matakalar metro sai ta huta a tsakiya, yawon tallar atamfa ya gagare ta. Duk lokacin da na ji numfashinta yana fita da ƙyar, na san daga inda ya fito.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce a inda ta dace, amma akwai wurin da take zama rami. Ina kira ga 'yan'uwana yara, in ba ku iya abu ba ku ce ba ku iya ba, musamman a gaban ruwa. In an miƙo muku jile ku karɓa, ko wa ke kallo. Dariyar mutane tana wucewa kafin yamma, abin da na jawo wa mahaifiyata har yau yana ƙirjinta. Iyaye kuma, don Allah in kun ga abin da bai yi muku ba, ku tambaya. Kada ku bar tawul da safa su yi muku magana da 'ya'yanku. Wanda ya faɗa ruwa don ceto alhali bai iya ba, shi ma sai an cece shi, amma wace uwa ce za ta tsaya yin wannan lissafin?

A hutun da ya biyo baya ni da Mama muka koma Lyon, Tanti ta nemo mini wata malama, ta koya mini iyo a wani tafki da ke bayan gari. Ranar da na iya ratsawa ba tare da na riƙe komai ba, na dawo gidan Tanti na aje jakata kusa da Mama kamar yadda na saba. Mama ba ta buɗe ta ba. Ta kira sunana a hankali, ta ce in matso, ta zame ɗankwalina, ta sa yatsunta cikin kitsona har ƙeya. Ta ji shi a jiƙe, ta daɗe ba ta ɗauke hannunta ba.