Wanda Ya Biya Kuɗin Takardu

Mako uku cur cinikin gidanmu na unguwar Kudai ya yi a tsaye, kuma ba kuɗin gidan ne ya tsayar da shi ba. Hawa na uku ne a wani bene, ɗaki uku da falo, irin wanda a nan Makka ake kira shagga. Ba sabo ba ne. Mai shi wani dattijon ɗan kasuwa ne, Bahaushe da kakanninsa suka biyo ta Sudan, ya aurar da 'ya'yansa duka yana so ya koma kusa da babban ɗansa. An yi ciniki an sallama. Dattijon ya ɗauki harajin gwamnati, maigidana ya ɗauki la'adar dillali. Saura kuɗin ofishin da zai shirya takardu, da na sauya suna a mitar wuta da ta ruwa. A nan kowa ya ja daga.

Dattijo ya ce ko riyal ɗaya ba za a ɓantara a kuɗinsa ba, mai shiga ke biya. Maigidana ya ce a'a, mai fita ke share bayansa. Dillali kuwa, wanda na ɗauka shi zai raba gardama, ya bi wannan ya ce gaskiyarka, ya bi wancan ya ce gaskiyarka, wai abin da aka daidaita a kai shi ne doka. Maza biyu da gemunsu, a kan kuɗin da bai wuce na firji ba, suka kafe kai da fata. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi gaba ta kwana biyu, maigidana ko gezau.

Ni damuwata Baba. Ya zo aikin Hajji daga ƙasar Sakkwato tun kafin a haife ni, bai koma ba, kuma bai taɓa samun igama ba, wato izinin zama. Ɗinkin takalman alhazai yake yi a lungunan unguwar Misfala, da shi ya rene mu. Da aka rushe unguwarmu ta kan dutse a Nakkasa, Inna ta riga ta rasu, sai ya koma ɗakin haya su huɗu, da tsufansa yana layin banɗaki. Ni aure ne ya ba ni takarda. Maigidana ɗan ƙasa ne, sunansa ne zai hau kan sakki, takardar mallakar gida. Tun ranar da muka fara zuwa dubawa na zaɓa wa Baba ɗakin da ke kusa da ƙofa, na auna inda katifarsa za ta zauna.

Wata Juma'a ya zo cin abinci, na zazzage masa komai. Ya saurara yana tsince ƙashin kaza. Washegari da hantsi sai ga shi da ƙullin leda ya sha ɗauri da roba.

"Ungo, ɗiyata. Ni ka biyan kuɗin takardun."

Na san ƙullin nan. Kuɗin komawa gida ne. Kowace shekara idan alhazai suka watse sai ya ce bana kam zai tafi ya ga ƙanwarsa, ita kaɗai ta rage masa a can. Kowace shekara kuma sai ya tuna wanda ya fita ba takarda ba ya dawowa, ya ƙara ɗaure ledar.

"Baba, wannan ai na tafiya ne."

"Tahiya ta yi nisa. Shekara arba'in da wani abu, duk inda an ka yi zancen takarda garin ga sai in sunkuyar da kai in canza hanya. Yau ga takarda na neman mai biya, ki ce in tsaya kallo?"

Ya kamata in mayar masa. Ban mayar ba, don ina son gidan, ina son shi a cikinsa. Maigidana ya ji kunya ƙwarai, ya ce ba zai karɓa ba, Baba ya harare shi sau ɗaya ya karɓa.

Ranar da za a kammala, Baba ya ci ado da babbar rigarsa ta Idi, ya zo da tsofaffin abokansa biyu, da dabino da goro. Shi a saninsa haka ake sayen gida. Lokacin da ya sayi namu na Nakkasa, malamin unguwa ne ya zauna a tabarma ya rubuta da hannu, shaidu suka dangwala, aka karanta sunan kowa da ƙarfi, aka yi Fatiha. Takardar ba ta da daraja a wani ofishi, amma dai sunansa na ciki. Ban yi tunanin in gaya masa zamani ya canza ba.

Muka zauna a falon dattijon. Kuɗin Baba tuni maigidana ya zuba su a asusunsa na banki. Dillali ya danna waya, maigidana ya danna tasa, dattijo ya danna tasa. Ko shayi bai huce ba saƙo ya shigo cewa gida ya koma sunan maigidana. Dillali ya ce, "Halas, mabruk," wato an gama, barka, ya miƙe yana neman takalminsa.

Baba ya duba dama ya duba hagu. "Ina alƙalami? Ina za mu sa hannu?"

Abokansa suka sunkuyar da kai, goro na hannunsu ba a raba ba. Ya juyo gare ni, ya rage murya.

"To wanda ya biya kuɗin takardu, an rubuta shi?"

Idanunsa sun riga sun yi rauni, ba ya iya karanta rubutun waya. Na karɓi wayar maigidana, na ɗora yatsa a wani layi da ke maganar faɗin fili.

"An rubuta, Baba. Ga ka nan."

Maigidana ya buɗe baki, na take masa ƙafa. Dattijon kuwa ya fahimta, ya ɗaga hannu ya ce a yi Fatiha, aka yi, aka raba goro. Allah ya saka masa, duk taurin kansa na yafe masa a ranar.

Wata goma sha ɗaya Baba ya yi tare da mu. Ya daina ɗinki, sai dai takalman jikokinsa, waɗanda yake gyarawa ko ba su lalace ba. Matakalar benen tana wahalar da shi amma bai taɓa fashin jam'i ba. Duk baƙon da ya shigo, kafin ya sha ruwa sai ya ji cewa sunan Baba na cikin takardun gidan nan. Har ƙanwarsa ya sa aka kira a waya ya gaya mata, ta yi guɗa daga can. Ni kuwa duk lokacin da ya faɗa sai in tashi in shiga kicin. Sau da yawa na yi niyyar gaya masa gaskiya, in na ga fuskarsa sai in fasa. Har yau ina istigfari a kan wannan ƙarya, har yau kuma ban iya yin nadamarta ba.

Ina kewarsa. Ina kewar tarinsa kafin ya yi sallama, da yadda yake raina tuwona yana cinyewa tas.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Ana saura kwana biyu ya rasu, bayan La'asar, ina ba shi kunu a cokali, ya kawar da kai ya ce in ɗauko wayar maigidana in karanta masa wurin da aka rubuta shi. Na ɗauko. Na kalli gilashin, na faɗi sunansa, da na mahaifinsa, da na kakansa, a hankali, yadda malamai ke yi. Na ƙara da sunan ƙauyensu.

"Har garinmu sun ka sa?"

"Har garinku, Baba."

Ya lumshe ido, har na zaci barci ya ɗauke shi.

"Ashe sun san da ni," ya ce.