Taku Arba'in da Suka Rage a Gonar Dogo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Afrilu, aka aiko mini cewa Allah Ya yi maka rasuwa, Yaya Dogo, bayan jinyar kwana shida. Saƙon ya same ni a cikin rami da shebur a hannu, ina ta mita cewa ka kwanta ka bar ni da aiki.

Wanda bai san kwarinmu shekara talatin baya ba, zai ɗauka haka Allah Ya halicce shi. A da, ruwa kwanciya yake yi a gonakinmu har ya yi wari. Ganye ya yi rawaya, sai mu ce ƙishi ne, mu ƙara buɗe wa shuka ruwa. Da rani kuma ƙasa ta yi fari fat da gishiri. Kai ne ka tuge masara ɗaya a gaban manoma, ka sa kowa ya shinshina ruɓaɓɓiyar saiwarta, ka ce, "Jama'a, wannan ba ƙishi ba ne. Nutsewa take yi, ku kuma kuna ƙara mata." Aka yi maka dariya, tawa ta fi ta kowa ƙara. Washegari sai ga ka a ƙofar gidana. "Tunda Allah Ya ba ka murya, ƙanena, zo ka riƙe mini tiyo."

Kwarin nan shimfiɗe yake kamar faranti, ido ba ya gane inda ya gangara. Dabararka ita ce dogon tiyo garai-garai, cike da ruwa. Kai ka riƙe baki ɗaya jikin sandarka mai zane-zane, ni in tafi da ɗayan can nesa jikin tawa, kowa ya ɗaga murya ya faɗi zanen da ruwa ya tsaya. Daga bambancin kake sanin inda za a zurfafa magudana. Gangaren yatsa biyu a taku ashirin, shi ke nan abin da muke nema, kuma aiki ne da mutum ɗaya ba ya iya yi.

Ni mai gajen haƙuri ne, kowa ya sani. Wata shekara na faɗi lamba tun ruwa bai gama nutsuwa a tiyo ba. Muka yi mako guda muna haƙa, da aka yi ruwan sama sai magudanar ta juyo da shi baya, ta juye a gonar tumatirin wani tela. Ya zo yana tada jijiyar wuya. Ina ji ka ce masa, "Yi haƙuri, ni na auna." Ba ka taɓa tayar mini da zancen ba, sai dai tun daga ranar sunana ya koma Malam Gaggawa, har jikokina da shi suke kirana.

Gona bayan gona muka bi, ta gwauraye, ta marayu, har ta waɗanda suka rantse ba za a tsaga musu ƙasa ba. Taka tana cikin wani loko a ƙarshen kwarin, ta fi ta kowa shan ruwa. Kowace shekara maiɗakinka takan tambaya, ka ce, "Bari mu gama na mutane." Bana muka iso gare ta. Saura taku arba'in mu haɗa ta da babbar magudana, zazzaɓi ya kwantar da kai.

Yanzu damina ta ƙarato. Idan ramin nan bai haɗu ba, gonar za ta sake nutsewa, ita kaɗai kuma ka bar wa maiɗakinka da 'ya'yanka mata biyu. Bayan an share makoki na koma ni kaɗai. Na kafa sandarka a laka, na ɗaure mata bakin tiyo, na tafi nawa gefen. Kafin in dawo in duba, ta karkace, ruwan ya tsiyaye. Sau huɗu ina yi. A na ƙarshe na ji kaina ina ƙwala lamba da ƙarfi, na tsaya ina jiran amsa. Sai na zauna a bakin ramin na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Kaɗaici ya kama ni, Yaya, da haushi ma, ba zan ɓoye ba. Waɗanda ka busar wa gonaki sun zo gaisuwa, sun yabe ka sosai, kowa ya koma sharar gonarsa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka. Allah Ya sa duk buhun da aka ɗauka a kwarin nan ya zama nauyi a mizaninka. Ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙannenka, ina miƙa ta'aziyyata, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Ku kuma mutanen kwari, ranar Asabar da safe ina bakin ramin. Ba ilimi ake nema ba, ba kuma ƙarfi ba, haƙar ni zan yi. Mutum ɗaya kawai nake roƙo, ya tsaya a wancan gefen ya faɗa mini inda ruwa ya tsaya.