Tankin Ɓoye na Gombo

Gombo direban akori-kura ne a wannan yankin namu na hamadar Gobi, kuma wanda ya ce bai san shi ba, to mai bai taɓa ƙare masa a daji ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa a gwame kamar a kan raƙumi aka haife shi. Tun yana saurayi yake jigila tsakanin garin Dalanzadgad da zangon makiyaya, ya kai fulawa da gishiri da ganyen shayi, ya dawo da gashin awaki da fatu. Ba ya caca, giya sai ranar biki, matan mutane kuwa ba ruwansa da su, ko da yake da irin fuskarsa wannan ba abin yabo ba ne. Cutarsa ɗaya ce: bakinsa bai iya cewa babu ba.

Kowa ya sani, in ka tarar da mutum tsaye a hanya mai ya yanke masa, ba a wucewa. Amma mai hankali ɗan abin da zai kai shi tantin makiyaya na gaba yake tsiyaya masa. Gombo kuwa sai ya zaro tiyo ya zuƙa, ya yi ta ɗura wa mutum yana tambayarsa lafiyar awaki. Shi ya sa ranar aurensa raƙuma biyu ne suka jawo motarsa har ƙofar surukai, yana ciki riƙe da sitiyari kamar gaske. Amaryar, Handa, ta leƙo ta gani. Ta ce tun ranar ta san irin kayan da ta ɗauko wa kanta. Sun haifi 'ya'ya, sun aurar, sun yi furfura, halin yana nan.

A shekarar da sanyi ya sauko da wuri, ƙanƙara ta daskare a kan ciyawa, awaki na tono har kofatonsu na jini, sai saƙo ya zo daga yayarsa Norjin. Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai da dabbobinta a gindin Jan Dutse, can kusa da iyaka, an yi an yi ta dawo gari ta ƙi. Ciyawarta ta kusa ƙarewa. Babu gidan mai ko ɗaya a hanyar, tankin motar Gombo kuma zai kai shi ne kawai, ba zai dawo da shi ba. Wanda mai ya ƙare wa a can cikin wannan sanyin, ba raƙumi ke jawo shi gida ba, gawarsa ake ɗaukowa.

"Sai in ɗauki jarkoki," in ji Gombo.

"Jarka ido na ganinta," in ji Handa. "Kafin ka wuce rijiyar farko ka rabar, har da murafen. Tashi mu je wajen Lubsan."

Lubsan mai walda ya shiga ƙarƙashin motar ya fito yana sosa ƙeya. "A kan bodi za a ɗora, bayan gidan direba. Haka kowa ke yi."

"Kowa ba Gombo yake aure ba. A ƙasa za ka liƙa shi, inda ko kare ba zai hango ba."

"Gombo, kai me ka ce? Motarka ce ko tata?"

"Ni dai tuƙi nake yi," in ji Gombo.

Haka aka yi. Lubsan ya ɗaure dogon tanki a jikin ƙarfen motar ta ƙasa, ya sa masa ɗan famfo, ya ja tiyo daga nan ya bi ta ƙarƙashin injin, ya bar famfon a buɗe don mai ya riƙa bin tiyon. Handa ta shafe tankin da taɓo da hannunta. Ta ba Lubsan cinyar tunkiya ta ce ya cika bakinsa da ita, kada wata magana ta samu wurin fita. Da suka koma gida ta sa Gombo ya dafa murhu ya yi alkawari: ba zai faɗa wa kowa ba, ba kuma zai ba kowa ko ɗigo daga ciki ba. Duk wanda ya roƙa, ya nuna masa allurar mai ya ce ga iyakar abin da ke akwai.

"Har Yaya Norjin?"

"Ita ce ta farko. Abin da ta ji da safe, kafin rana ta faɗi raƙuman ƙasar nan sun sani."

Ya yi lodin ciyawa har ta fi kan motar tsawo. Handa ta yayyafa madara a kan tayoyi yadda ake yi wa matafiyi don sa'ar hanya, ta tsaya tana kallo har ya ɓace.

Da rana tsaka ya hango baƙin hayaƙi. Wata tsohuwar jif ce tsaye, mai ita ya cinna wa safayar tayarsa wuta suna jin ɗumi. Matarsa na tsugune, ta cusa jariri cikin rigar fatarta, leɓɓanta sun yi shuɗi. Gombo ya sauko, ya kira mutumin ya nuna masa allurar mai kamar yadda aka koya masa. Mutumin ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce ba komai, a sauka lafiya. Da ma ya yi magiya da ya fi sauƙi. Gombo ya kama ƙofar mota ya tsaya. Jaririn ya yi wani ɗan kuka kamar na ɗan akuya.

"Kawo jarkarka," in ji Gombo, "ka kuma juya baya."

Ya kwanta a kan ƙanƙara, ya zare tiyon daga wajen injin, ya cika musu jarka. Sannan ya murɗe famfon tam, ya girgije tiyon har ɗigon ƙarshe, don shi ba ya ɓarnar mai sai dai kyauta, ya mayar da shi wurinsa. Ya ci gaba da tafiya da tsohon tanki. Duk hanya ba abin da yake tunani sai fuskar Handa. Ya shirya ƙarya ya rushe, ya sake shirya wata. Famfon kuwa ko tuna shi bai yi ba.

Rana na shirin faɗuwa ya isa. Norjin ta fito da sanda tana korar kare.

"Auta, kai ne da ƙafar mota? Ina raƙuman da suka jawo ka?"

"Yaya, ki bari in sha shayi tukuna."

Suka sauke ciyawa, awaki suka yi caa a kanta. Ta cika shi da nama da shayi mai gishiri, ta ba shi labarin kowa da kowa, ya yi barci da alkawari rabi a karye rabi a riƙe.

Da safe yana zaune yana kurɓar shayi, takalmi ɗaya a ƙafa, sai ya ji wani ƙauri.

"Yaya, me ke ƙonewa?"

"Motarka nake ɗumama maka. Ko ka manta yadda ake ta da mota a sanyi? Kasko guda na cika da garwashin kashin raƙumi na tura ƙarƙashin injin, yadda nake yi wa marigayi. Na ƙara turawa ciki sosai, don na ga motar taka ta yi tumbi."

Gombo bai san lokacin da ya fita ba. Hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin gidan direba. Ya fizgi shebur ɗin kwasar kashi, ya kwanta rub da ciki, ya jawo kaskon ya watsar a ƙanƙara. Ya leƙa. Tiyon ya narke ya rabu biyu, yana lilo kamar hanjin tunkiya, bakinsa na hayaƙi. Kusa da shi ga tanki nan cike da fetur. Ko ɗigo bai zuba ba. Ya miƙa hannu ya taɓa famfon, ya ji shi a murɗe yadda ya bar shi jiya.

Ya zauna daɓas a ƙanƙara, ƙafa ɗaya ba takalmi. Norjin ta zo ta duƙa, ta ga tankin, ta ga tiyon. Sai ta cire hularsa ta maka masa a ka.

"Fetur ka ɓoye mini a ƙofar tanti? Ni da na goya ka?"

"Handa ce ta ce..."

"Na san ba dabararka ba ce, kai ina ka ga dabara. Wa ya rufe famfon?"

Ya ba ta labarin jif da jaririn. Ta mayar masa da hular, ta gyara masa ita har kunne. Sannan ta shiga ta kwance buhun tarkacen marigayi, ta fito da wani tsohon tiyo, ya sa shi a gurbin wanda ya narke.

Da man da ya rage a tankin ɓoye ya iso gida, motar na tari a ƙofar shinge. Handa na tsaye, da alama ta daɗe a wurin. Duk ƙaryar da ya shirya ta gudu, ya faɗa mata komai tun daga hayaƙin taya har kaskon Yaya. Ta zauna a kan matakin motar tana kallon hannuwanta.

"Da ka cika alkawarin fa?" ta ce.

"Da famfon na buɗe."

Ta tashi ta shige ciki. Ya ji tana fyace hanci, ta ce hayaƙin murhu ne.

Washegari ta sayo jan fenti, ta kankare taɓon, ta shafe tankin har yana ɗaukar ido daga nesa. Lubsan ya zo wucewa ya tsaya.

"To, yanzu ai duk Gobi za ta sha."

"Su sha," in ji Handa. "Na saba da miji a bayan raƙumi. Gasasshe ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Har yau Gombo na kan hanya, jan tankinsa a fili, masu babur na hango shi su fara murmushi. Har yau kuma mai na ƙare masa, sai dai yanzu ya fi nisa da gida kafin ya ƙare.